Yadda ƙauye ko unguwa za su samo aikin ruwa daga gwamnatin wilaya a Sudan

A watan Afrilu, idan zafi ya kai inda ya kai a ƙasar Gadarif da ke gabashin Sudan, hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ya ƙafe ya bar taɓo mai tsattsagewa, duk gidan da ka shiga a garinmu maganar ruwa ake yi. Tun kafin kiran assalatu za ka ji ƙarar karo, wato amalanke, jaki na jan ganga, yara na biye da jarkoki. Mai 'ya'ya shida sai ta jera jarkokinta a bakin madafa tana rabo: wannan ta tuwo, wannan ta sha, wanka kuwa sai gobe. Shekara da shekaru muna haka muna cewa hukuma ta manta da mu, alhali ko takarda ɗaya mai hatimi ba mu taɓa kai wa kowa ba.

Ni na riƙe alƙalamin kwamitin da ya bi maganar donkinmu tun daga zaman farko har ruwa ya zubo. Ga wanda bai san kalmar ba, donki a nan shi ne tashar ruwa: rijiyar burtsatse, injin ɗaga ruwa, tanki a sama, famfunan mutane da komin shayar da dabbobi, duka a cikin shinge guda. Abin da na gani da idona shi ne, hukumar wilaya, wato jiha, ta fi saurin sa hannu a aikin da ta tarar mutane sun riga sun ɗauko. Allah ma ya ce tashi in taimake ka. Ga yadda ake bi, kuma hanyar ɗaya ce ko aji kuke nema, ko ɗakin shan magani, ko kwalbati.

Ku tsaya a kan buƙata ɗaya

A zaman farko kowa zai kawo tasa. Wani makaranta, wani hanya, wani wutar lantarki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Amma takardar da ta lissafo abu bakwai, jami'in da ya karɓa bai san ofishin da zai tura ta ba, sai ta kwana a aljihun tebur. Ku zaɓi guda. A yi zaman bayan sallar Juma'a, lokacin da manoma da 'yan kasuwa duk suna gari, sannan a tura dattijuwa biyu ko uku su zauna da mata daban. Kada a tsallake wannan. Maza a garinmu sun fi karkata ga hanya saboda fitar da riɗi zuwa kasuwa, sai da wata tsohuwa ta aiko mana da saƙo cewa, "Ku gaya wa 'ya'yana, jikata ta bar makaranta ne saboda layin ruwa, hanya ba ta hana ta karatu ba." Wannan maganar ce ta rufe muhawara.

Daga nan sai kwamiti, wanda a nan muke cewa lajana. Mutum bakwai zuwa tara sun isa. A sa dattijon da ake jin maganarsa, a sa malamin makaranta ko wani matashi da Larabcinsa na rubutu ya nuna, domin duk takardun hukuma da Larabci suke tafiya. A sa mata aƙalla biyu. Ma'aji ya zama mutumin da ke da abin hannunsa, wanda kuma ba ya jin haushi idan an ce ya buɗe littafi. Duk wanda zai sa hannu a takarda ya kasance yana da lambar ɗan ƙasa, raƙam waɗani, don ita za a fara tambaya.

A nan ina so in ɗan tsaya. Akwai mutanenmu da har yanzu suke ɗari-ɗari da shiga ofis, kamar baƙi a gidan wani. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji daga ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma sun taho bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da guminsu aka noma audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, da guminsu ake yankan dawa da riɗin Gadarif har gobe. Wanda ke biyan zakka da haraji, idan ya nemi ruwan sha haƙƙinsa ya nema. A shiga ofis da ladabi, amma kai a ɗage.

Kwamitinku kada ya yi gaban kansa. A tsarin sarautar gargajiya, a kowane gari akwai shehu, wato mai gari, sama da shi umda, sama da umda nazir, kuma a kowace unguwa akwai lajanar da hukuma ta sani, wadda sunanta ya sha canzawa: a da lajana sha'abiyya, bayan 2019 ta koma ta canji da hidima. Ko da wane suna take tafiya a wurinku yanzu, ku je ku same ta, ku samu shehu, ku nemi hatiminsu a kan takardarku. Idan kuma kuna zaune da wasu ƙabilu, ko makiyaya na sauka kusa da ku da rani, a ba su kujera tun ranar farko. Abin da ya faru a wilayar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022, inda rikicin ƙasa da sarauta ya ci rayuka masu yawa, ya isa ya koya mana cewa aikin da aka ɗora wa sunan ƙabila ɗaya yana iya zama abin faɗa. Donki na gari ne.

Ku ƙirga kanku

"Muna cikin wahalar ruwa" magana ce da jami'i ke ji sau goma kafin azahar. Lissafi ne ke tsayar da shi. Ku raba matasa layi-layi da littafi, su shiga gida-gida: mutum nawa ke kwana a nan, shanu nawa, tumaki da awaki nawa, jakuna nawa. A ƙirga da waɗanda yaƙi ya koro. Tun da faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan birnin Wad Madani ya faɗa hannun RSF a Disambar wannan shekarar, garuruwan gabas sun cika da baƙi, wasu a gidajen dangi wasu a makarantu, kuma su ma daga wannan rijiyar za su sha.

Lissafin ba shi da wuya. A ba kowane mutum lita 20 a rana, wato jarka guda. Babbar dabba lita 20 zuwa 30, ƙarama kamar lita 5. A ce kuna da gida 500, kowane gida mutum shida: mutum 3,000 ke nan, lita 60,000 a rana, wato ganga 300 mai cin lita 200, kafin a zo kan dabbobi. Sai ku rubuta inda kuke samun ruwa yanzu, nisansa, awa nawa ake yi a layi, da kuɗin ganga a watan Janairu da kuma a watan Mayu. Ku je wurin ma'aikacin lafiya na yankinku ku roƙe shi ya rubuta muku adadin masu gudawa da ya gani cikin wata uku. An ayyana ɓarkewar kwalara a Gadarif a Satumbar 2023, don haka babu jami'in da zai ce bai san abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa ba. Ku ɗauki hoton hafir a ƙafe, da na layin jarkoki.

Maganar fili a gama ta kafin a je ko'ina. Tun dokar 1970, ƙasar da ba a yi wa rajista ba ana ɗaukarta ta gwamnati ce, ko da kakanka ne ya sare dajin. Saboda haka idan wani ya ce ya ba da gefen gonarsa sadaka, a gode masa, sannan a rubuta, shi da manyan 'ya'yansa su sa hannu, shehu ya buga hatimi, a kai ofishin filaye na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Baki yana mantuwa, magada kuma ba su ji alkawarin ba. Wurin ya yi nesa da masai da maƙabarta da turken dabbobi, aƙalla mita 30 daga kowane ramin masai, ya kuma zama inda karo zai iya shiga da damina.

Ku fara tara naku

Wannan shi ne zuciyar aikin. Abin da mu ke kira gayya, maƙwabtanmu na cewa nafir, jami'ai kuma a takarda suna rubuta shi juhud sha'abi, ƙoƙarin jama'a. Idan takardarku ta ce, mu za mu kawo yashi da tsakuwa, mu za mu haƙa ramin bututu, mu za mu yi shinge da ɗakin mai gadi, mun kuma ajiye buhun siminti kaza, to kun rage wa hukuma kusan duk abin da hannu ke iya yi. Saura haƙar rijiya, injin da tanki, waɗanda su ne suka fi ƙarfinku.

Lokacin karo-karo shi ne kaka. Daga Oktoba ana yankan riɗi, dawa na biye har Disamba da Janairu, a lokacin ne hannun manomi ke da danshi. Ku karɓi amfanin gona, kada ku dage sai kuɗi: mai babbar gona buhu, mai ƙarama kwano kaza, gwauruwa da marayu a ɗauke musu. Kada kuma ku ajiye fam, kuɗin Sudan, a akwati. Mun yi wannan kuskuren a shekarar farko, kuɗin da zai sayi bututu ɗari muka riƙe wata biyar muna jiran amsa, da muka je kasuwa ko rabi bai saya ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na san matar da ta sayar da akuyarta ta kawo. Duk abin da ya shigo a mayar da shi siminti, ƙarfe ko bututu nan take, ko a bar shi a buhunsa a ɗaki mai makulli biyu, ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin liman.

'Yan uwanmu da ke Jidda da Makka da Riyad suna taimakawa sosai idan sun ga gaskiya. A buɗe musu zaure a WhatsApp, duk wanda ya turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, a sa hoton shaidar a zauren a ranar, duk abin da aka saya a sa rasiɗinsa. Kowace Juma'a ta farkon wata ma'aji ya tashi a ƙofar masallaci ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin motar da aka shiga zuwa birni. Ranar da aka daina karantawa, ranar zargi ke farawa.

Takarda da hanyar da take bi

Sudan na da wilaya 18, kowace da walinta. Ƙarƙashin wilaya akwai mahaliyyoyi, ƙarƙashin mahaliyya akwai wihda idariyya, ƙaramin ofishin mulki da ya fi kusa da ku. Daga ƙasa ake farawa. Mutane na son su tsallake su tafi wurin wali kai tsaye saboda sun san wani da ya san wani, amma ofishin wali zai mayar da takardar mahaliyya ne a tambayi ra'ayinta, kuma shugaban da aka tsallake ba ya rubuta alheri da sauri.

Takardar kanta shafi ɗaya ta isa. Sunan gari da mahaliyya, abin da ake nema a jimla guda, adadin mutane da dabbobi, halin da ake ciki, abin da kuka tara da abin da kuka ɗauki nauyi, sai sa hannu da hatimai. Lissafin gidaje, takardar fili, bayanin ma'aikacin lafiya da hotuna a liƙa su a baya. A yi kwafi biyar. Jami'in wihda ya rubuta goyon bayansa a kai, a wuce wurin babban daraktan mahaliyya, mudir tanfizi, daga can a nemi ya rubuta wa hukumar ruwan sha ta wilaya, domin ita ke da injiniyoyi kuma ita ke cewa wuri ya dace ko bai dace ba.

Duk ofishin da kuka miƙa takarda, kada ku fito sai magatakarda ya shigar da ita littafin wasiƙun da suka shigo, ya rubuta muku lamba da kwanan wata a kan kwafinku. Wannan lambar ita ce igiyar da za ku riƙa ja. Idan aka ce ku biya wani kuɗi na hukuma, ku karɓi rasiɗin gwamnati, urnik 15. Kuɗin da ba shi da urnik 15 bai shiga baitulmali ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa kasafin mai zuwa. Takardar da ta isa a Agusta ko Satumba tana da damar shiga lissafi. Wadda ta zo a Maris, lokacin da ƙishirwa ta fara cizo, yawanci sai dai a ce ku jira baɗi.

Sai bibiya, wadda ita ce ke gajiyar da mutane. A ware mutum biyu, dattijo da matashi, su riƙa leƙawa duk mako biyu, da safe, da fayil a hannu. Na tuna wata rana da muka tarar takardarmu ta ɓace a wani ofishi bayan wata uku muna zarya. Jinina ya hau, na buɗe baki zan yi magana, sai Baba Alhaji da muke tare ya dafa gwiwata ya ce a hankali, "Ɗana, ciro kwafin." Na ciro, da lambarsa da kwanan watansa. Ya miƙa wa jami'in da hannu biyu ya ce da Larabci, "Ya ustaz, ga 'yar uwarta, Allah ya ba ka ladan mutum dubu uku." Mutumin ya dubi lambar, ya tashi da kansa ya shiga ciki. A ranar takardar ta wuce gaba.

Kada ku dogara da ƙofa ɗaya. Baitulmalin wilaya a wannan zamani na yaƙi ba shi da ƙarfi, kuma gaskiya ce da ya kamata ku shiga da ita. Diwanin zakka, wato hukumar tara zakka, yana da ofishi a mahaliyyoyi, kuma manoman Gadarif na cikin masu cika masa rumbu, don haka ku kai masa kwafi ku nemi ya ɗauki wani ɓangare, ko tanki ko faifan sola. Ƙungiyoyin agaji kuma ba sa aiki sai ta hannun mufawwadiyyar agajin jin ƙai, wato hukumar da ke musu rajista, suna kuma tambayar hukumar ruwa jerin garuruwan da suka fi buƙata. Idan sunanku na cikin wannan jerin, da lissafinku a shirye, ku ne za a fara tunawa da ku. Sau da yawa haka aikin ke haɗuwa: hukuma ta ba da injiniya da izini, wani ya biya haƙa, gari ya yi sauran.

Idan injiniya ya zo

Ku karɓe shi da mutunci, ku kira shi bashmuhandis, wato babban injiniya, kamar yadda aka saba, amma ku yi tambaya. Kada a kafa injin haƙa sai an yi binciken ƙasa da na'ura an ga alamar ruwa. Yawancin ƙasar Gadarif baƙar laka ce a sama, dutse a ƙasa, ruwan cikinta kaɗan ne, wani wurin kuma mai gishiri. Shi ya sa birnin kansa ya daɗe yana jawo ruwa daga kogin Atbara ta wajen Shuwak, kuma aka ɗora fata a kan madatsun Atbara ta sama da Sitit da aka buɗe a 2017. Idan bincike ya nuna babu ruwa a ƙarƙashinku, kada ku matsa a haƙa don kawai a ga an yi. Ku juya buƙatar zuwa yashe hafir da faɗaɗa shi, da shinge, da wurin tace ruwa da yashi, ko jawo bututu daga rijiyar da ke da ƙarfi a kusa. Garuruwan bakin kogunan Rahad da Dindir da Shuɗin Nilu kuwa lissafinsu daban ne, su tacewa ce babbar matsalarsu.

Idan an haƙa an samu, a sa mutum biyu su zauna a wurin da littafi daga farko har ƙarshe, su rubuta zurfin da aka kai da adadin bututun da aka zura. A nemi a gwada rijiyar da famfo na tsawon yini da kwana ba tsayawa, a ga lita nawa take bayarwa a awa da yadda take komawa bayan an kashe. A kai ruwan ɗakin gwaji a kawo sakamako a rubuce. Kada kwamiti ya sa hannu cewa an karɓi aiki sai waɗannan takardu biyu suna hannunsa. Mun ga garin da ya yi bikin buɗewa, bayan wata biyu rijiya ta fara jan iska.

A ganina, in dai da hali, a zaɓi sola a bar injin dizal. Kuɗin farko ya fi yawa, amma mai yana yankewa, kuma da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, lakar nan ba ta barin mota ta shigo da shi. Sai dai faifan sola na son mai gadi, da shinge mai ƙarfi, da yaron da zai riƙa share masa ƙura da sassafe. Duk wani aikin haƙa da gini a tsara shi tsakanin Nuwamba da Mayu.

Kafin a yanka rago

Tun ba a buɗe ba a zauna da hukumar ruwa a rubuta wa zai riƙe donkin. A wurare da dama hukumar ce ke gudanarwa ta kuma sa farashi, a wasu wuraren ana barin gari ya riƙe bisa yarjejeniya. Ko wanne ne, a rubuta kuɗin jarka da na ganga da na kan dabba, albashin mai kula da injin da mai gadi, kason da za a riƙa ajiyewa don gyara, da wanda za a kira idan famfo ya tsaya. Wasu za su ce ruwan da aka yi da gayya bai kamata a sayar ba. A lallashe su, a nuna musu cewa ranar da famfo ya ƙone babu wanda zai zo daga birni da sabo a hannu. A ware gidajen da ba su da hali a ba su jarkokinsu kyauta, da sunayensu a littafi. A nemi ma'aikatan lafiya su koya wa mai kula yadda ake zuba sinadarin kulorin a tanki da yadda ake auna shi. A raba wurin mutane da na dabbobi, a zuba tsakuwa inda karo ke tsayawa, a yi magudana don kada wurin ya zama gidan sauro.

Ranar buɗewa ku gayyaci duk wanda takardarku ta bi ta hannunsa, daga jami'in wihda har magatakardan da ya ba ku lamba, a gode wa kowa da sunansa a gaban jama'a. A kira makiyaya da maƙwabtan gari su ma su sha. A namu bikin, tsohuwar nan da ta aiko da saƙo ita muka ba ta fara tara jarka, jikarta na riƙe mata da murfi. Da aka watse, Baba Alhaji ya kira ni gefe ya ce in adana fayil ɗin da kyau, in kuma sayo sabon littafi, domin aji biyu na 'yan mata rufinsu ya yaye, kuma Agusta saura wata huɗu.